Wa Zai Yi Jinyarsa?

Mutumin da aka ce zai tarbe ni a Faransa bai zo ba. Wani ɗan ƙasarmu ne, abokin abokin wani malaminmu na Damagaram, wanda ya rantse mini ta salula cewa ɗaki yana nan a share, har da bargo. Na zauna a tashar jirgin ƙasa da akwatina da ƙullin ƙuli-ƙulin da Inna ta cusa mini, duk baƙar fatar da ta gifta sai in miƙe ina murmushi. Na yi ta miƙewa ina zama har wani ɗan sanda ya fara kallona. Salular mutumin a kashe take, abin da na aika masa na kama ɗaki kuma ya bi ruwa. Har yau ban san kamanninsa ba. Na bar shi da Allah, amma kada wani ya ce ya ji na ce na yafe.

Wata dattijuwa 'yar Senegal mai share tashar ce ta lura da ni. Ta jingine tsintsiyarta, ta tambaye ni ko ni Musulmi ne, sannan ta raka ni har bakin titi ta sa ni a motar da ke zuwa masallacin unguwarsu. A ɗakin ajiyar dardumai na masallacin na yi kwanakina na farko. Ban tambayi sunan matar ba, kuma hakan yana damuna har yanzu.

Sunana Mutari, mutumin Bande ne ni, cikin ƙasar Magarya. Karatun ban ruwa ya kai ni can. Duk wanda ya san fadamunmu, inda ake rake da albasa da kabeji, ya san ruwa ba shi da nisa a ƙasa, ɗebo shi ne ke karya bayan mutane. Na samu bursi, wato tallafin karatu, da sharaɗi ɗaya wanda aka nanata mana har muka haddace: a ƙarshen karatu akwai aikin fili, staj suke ce masa, ana bin gonaki da magudanai da ƙafa ana auna ruwa. Wanda bai yi shi a lokacinsa ba, babu takardar shaida, babu ƙarin shekara, sai ya tattara ya koma gida. Ni kuwa duk mai lambu a Bande ya san abin da na tafi nema, komawa hannu rabbana ba ta cikin lissafina.

Daga masallaci na samu ɗaki a ƙololuwar wani tsohon bene, ƙarƙashin rufi, inda in ka miƙe da gaggawa sai goshinka ya gaisa da katako. Matakalar ƙunci gare ta, tana murɗawa, kuma babu na'urar hawa. Mai gidan ya ce ai ni matashi ne, in ɗauke ta motsa jiki kyauta.

Sanyi ya ci ni, amma rashin gaisuwa ya fi cin raina. A Bande daga ƙofar gida zuwa masallaci sai bakinka ya gaji da amsa ina kwana. A can na tare maƙwabcina a matakala, na tambaye shi gajiya da iyali, sai ya dafe aljihunsa yana jiran ya ji abin da zan roƙa. Wata rana ina tafe na hango zangarniyar gero a tagar wani kanti, na faɗa ciki ko sallama babu. Ashe kantin abincin tsuntsaye ne. Geron ma ba irin namu ba ne, siriri ne mai ƙananan ƙwayoyi, amma na tsaya tsakanin kejin aku da na kanari na riƙe shi, hawaye suka kece mini. Mai kantin ta tambaye ni wane irin tsuntsu gare ni. Na ce mata babba ne, na saya na fita.

Karim, ɗan ajinmu wanda iyayensa 'yan Maroko ne amma a can aka haife shi, shi ya gaji da ganina ina cin abinci ni kaɗai. Ya ce ranar Asabar da rana suna wasa a wani ɗaki a bayan ɗakin karatu na unguwa, in zo.

"Ƙwallo?" na tambaye shi.

"A'a, a tebur ne. Da ƙwayoyi masu lamba, irin na ludo."

"In caca ce, Karim, ka rufa mini asiri."

Ya yi dariya ya ce ba a ajiye ko dala. Na je don dai ɗakin yana da ɗumi.

Wasan tatsuniya ne, amma tatsuniyar da kowa ke ciki. Mutum ɗaya ke jan labari, a teburinmu Solanj ce, ma'aikaciyar ɗakin karatun, mace mai furfura wadda muryarta ke iya zama ta tsohon boka ko ta kura. Sai ta ce, "Kun iso bakin wani kogo, kuna jin motsi a ciki, me za ku yi?" Kowa yana da mutumin da ya zama a cikin labarin. Sai ka faɗi abin da mutuminka zai yi, ka jefa ƙwaya, lambar da ta fito ta nuna ko ka dace. Karim ɓarawo ne mai buɗe kowane kwaɗo. Na ukunsu Tiyeri ne, direban motar haya ta cikin gari, ƙato mai jan gemu wanda kujera ke kuka in ya zauna. Shi jarumi ne mai gatari. Mai magani suka rasa, sai suka ba ni shi, ni kuma na sa masa suna Ilu.

Ba haka kawai na zaɓi sunan ba. Baffa Ilu yayan mahaifina ne, maɗori ne, gado ya yi, kuma daga Sassumbrum har Dungas ana kawo masa masu karaya a amalanke. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Kafin ya taɓa ƙafar da aka kawo, sai ya dubi 'yan rakiya ya ce, "Wa zai yi jinyarsa?" Ba ya karɓar "mu duka". Sai mutum ɗaya ya fito ya dafa ƙafar ya ce, "Ni ne." Wannan shi zai riƙe mai karaya lokacin da ake ja, shi zai kai shi bayan gida, shi zai hana shi takawa kafin lokaci, shi kuma zai tilasta masa in lokaci ya yi. Ranar da aka kwance ɗauri, Baffa yakan tsayar da mai jinyar a can ƙarshen zaure, ya karɓe sanda daga hannun mai karaya ya ce, "Je ka wurinsa." Takun farko na mai jinya ne, in ji shi.

To, a wasan su Solanj ma ana jin rauni, kusan kowace Asabar. Kowane mutum yana da lambar lafiyarsa a rubuce a takardar da ke gabansa. In aka sare shi a rage, in ta ƙare ya faɗi. Mayar da ita kuwa ba wuya. Ko ya sha wata kwalbar magani da ake saya a kasuwar labarin, ko mai magani ya dafa shi a jefa ƙwaya a ƙara masa abin da ta nuna, ko kuma su kwanta barci. Wannan ta ƙarshen ce ta ba ni dariya. Dare ɗaya kawai, gari ya waye, lambar kowa ta cika. Mutumin da jiya mashi ya huda cinyarsa yau ga shi yana tsallake rijiya. Na ce a raina da Baffa zai ji wannan, da ya bi su da sanda.

Na yi shiru makonni, don baƙo ba ya gyara wa masu gida tuwo. Amma ni mutum ne da magana ba ta kwana a cikina da daɗi. Wata Asabar wani dodo ya maka wa jarumin Tiyeri kulki, Solanj kuma ta zuba gishiri, ta ce duk kogon ya ji ƙarar ƙashi. Lambarsa ta ƙare, ya faɗi. Tiyeri ya turo mini ƙwaya.

"Mai magani, yi aikinka."

Na naɗe hannu na ce, "Wa zai yi jinyarsa?"

Suka kalle ni. Tiyeri ya ce ba haka dokar wasa ta ce ba, in jefa kawai. Na ce Ilu ba ya taɓa ƙafa sai ya san mai zama da ita. Na ba su labarin zauren Baffa tun daga dafa ƙafa har zuwa takun farko, har na koya musu yadda ake cewa "Ni ne" da Hausa. Idon Solanj ya yi haske, don ita duk abin da zai ƙara wa labari armashi tana so. Nan take ta kafa wa teburinmu doka: raunin da ya kai mutum ƙasa, barci ba ya goge shi. Sai wani ya dafa takardarsa ya ce shi ne, mutuminsa ya zauna da shi, ba shiga kogo, ba rabon dukiya, har ƙafa ta haɗe. Karim ya dafa takardar Tiyeri ya ce "Ni ne" da wata irin Hausa mai karyayyen harshe.

Aka yi Asabar biyu ɓarawo yana jinyar jarumi a wata bukka, yana sato masa kaji yana dafa miyar da ba ta ciwuwa. Mun yi dariya har Solanj ta share hawaye. Tiyeri ne kaɗai bai yi ba. Da muka fito ya tare ni a bakin ƙofa, yana ɗaure igiyar hularsa.

"Mutari, ka ɓata mini wasa."

Na buɗe baki zan kawo hujja, ya ɗaga hannu.

"Na yi jinyar mahaifina shekaru. Na ɗaga shi, na wanke shi, na juya shi, bai tashi ba. Ina zuwa teburin nan ne saboda a nan mutum yana kwanciya da rauni ya tashi lafiya. Na san ƙarya ce. Ita nake so."

Ya juya ya tafi. Asabar ta gaba na roƙi Solanj ta janye dokar, Tiyeri ya ce an riga an kafa, a bar ta. Muka ci gaba da wasa, amma daga ranar in na gaishe shi kai kawai yake ɗaga mini.

A sanyi na biyu, staj ya kusa, na fita da keke da safe za ni makaranta. Ruwan da ya kwanta a kan titi ya daskare, ni kuma ɗan Bande ban san ƙanƙara tana iya ɓuya a kan kwalta ba. Keke ya zame, ƙafata ta shige ƙarƙashinsa, na ji irin ƙarar da Solanj ta kwatanta, sai dai wannan karon a jikina. Ƙashi biyu na ƙwauri suka karye. Aka yi mini aiki, aka sa ƙarfe da ƙusoshi, aka naɗe ƙafar da farin filasta mai tauri.

Karim ya aiko yana tambayar me ya hana ni zuwa aji. Na amsa masa yadda ake amsawa a gida: na ɗan faɗi, amma da sauƙi. A Bande ko mutum yana bakin kabari haka zai ce, mutane kuma su ɗauko fura su taho dubiya. Su kuwa can in ka ce da sauƙi sai su gaskata ka, su bar ka ka huta. Kwanaki suka wuce ba wanda ya leƙo. Na kwanta ina cizon yatsa, ina cewa ai dama 'yan wasa ne, wasa ya haɗa mu, wasa ya ƙare. Inna ma ban gaya mata ba, don na san ba za ta ƙara runtsawa ba.

A kan gadon nan na gane abin da Tiyeri yake nufi. Wallahi da za a miƙo mini ƙwayar nan a ce in jefa, ko a ce in kwanta dare ɗaya in tashi garau, da ban tsaya tambayar wa zai yi jinya ba.

Likitar mace ce mai magana kai tsaye. Ta ce ƙashin zai iya haɗewa kafin staj, amma da ƙyar, kuma sai an bi ƙa'ida: ba taka ƙafa, ba hawa bene, sannan a riƙa kai ni wurin masu motsa ƙafa sau da yawa a mako. Ta tambayi inda nake zaune, na faɗa mata, ta girgiza kai. Ta tambaya wa gare ni a gida. Na ce ba kowa. Ta ce to shawararta in sanar da makaranta in koma ƙasarmu in warke cikin dangi. Ita alheri take nufi, ba ta san ta karanta mini ƙarshen karatuna ba ne. Na juya fuska bango, na ga kaina ina sauka a tashar Bande da sanduna biyu, masu lambu suna yi mini sannu.

Ranar Asabar da rana sai ga su su uku. Ashe Karim ya hau benen nemana, mai gida ya gaya masa motar asibiti ce ta kwashe ni. Tun daga ƙofa ya fara faɗa.

"Ka ce da sauƙi! Wannan ne sauƙin?"

"To me kake so in ce? In ce na mutu?"

"Ka ce ka karye, ɗan taurin kai!"

Solanj ta ajiye lemu a gefen gado. Tiyeri ya tsaya a bakin ƙofa, ya cika ta. Ana cikin haka likitar ta shigo, ta ga mutane, sai ta maimaita tambayarta a gabansu: akwai wanda zai iya ɗaukar ɗawainiyarsa? Ta lissafa musu abin da ake bukata, ba ta rage komai ba. Karim ɗakinsa na ɗalibai ne, ko akwati biyu ba ya ci. Solanj ita ma a saman bene take. Suka kalli juna, ni kuma na kalli rufi, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai na ji takun Tiyeri. Ya zo ya ɗora wannan tafkeken hannun nasa a kan filastar, ya dubi likita, ya ce da Hausa:

"Ni ne."

Likitar ta ce me ya ce? Solanj ta ce, "Ya ce gidansu a ƙasa yake, babu matakala."

Da Karim da Solanj suka fita neman keken da za a tura ni, na riƙo hannun rigar Tiyeri. Na ce, "Tiyeri, kai da ka ce ka gaji da jinya?"

"Na gaji da jinyar da ba a tashi," in ji shi. "Kai za ka tashi, ko ka so ko ka ƙi."

Gidansu ƙarami ne a bayan gari, shi da mahaifiyarsa Odet, tsohuwa 'yar firit mai saurin tafiya. Ɗakin mahaifinsa suka ba ni. Ƙarafan riƙewa suna nan a bango, kujerar wanka tana nan a banɗaki, ba wanda ya taɓa su tun rasuwarsa. Na lura Odet ba ta shiga ɗakin, daga ƙofa take miƙo abinci.

Duk wanda bai taɓa kwanciya ba bai san abin da jinya take ci ba. Tiyeri ya canja lokacin aikinsa don ya riƙa kai ni asibiti. Ranar farko da ya ɗauke ni cak zuwa banɗaki na yi kuka don kunya, shi kuwa ya yi kamar bai gani ba, yana ba ni labarin wani fasinja da ya manta kare a motarsa. Ya ga ina fama da alwala, ya sayo mini butar ban ruwan furanni mai dogon baki, ya ce tunda ban ruwa nake karanta ta dace da ni. Odet ta ware mini tukunyata daban, ta sa Karim ya nuna mata mahaucin da suke saye a wurinsa. Karim ɗin kuma, da yake bakinsa ba ya riƙe magana, ya ba ta labarin kantin tsuntsaye da na taɓa ba shi. Wata safiya sai ga kwano a bakin ƙofa, geron tsuntsu ne ta dafa da madara da sukari. Ba kunu ba ne, ba fura ba ce, ban san sunansa ba, amma na shanye har na suɗe cokali.

Asabar kuma teburin ya dawo gefen gadona. Mai magani Ilu yana warkar da mutane da jifa ɗaya, mai shi kuwa ba ya iya juyawa sai an taimake shi. Tiyeri ya samu abin tsokana. Kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Ka yi barcin dare ɗaya, lambarka ta cika?" In ce masa saura kaɗan.

Mun yi faɗa, ba sau ɗaya ba. Wata rana gaggawa ta ɗebe ni na gwada taka ƙafar kafin lokaci, ya shigo ya kama ni, ya yi mini tsawar da ta sa tagogi rawa. Na ce masa ni jikan maɗora ne, na fi shi sanin ƙashi. Ya ce to jikan maɗora ya koma ya kwanta.

Daga baya na daure na kira gida ta salula mai hoto. Inna ta yi kuka ta yi faɗa ta yi addu'a duk a numfashi ɗaya, sannan aka miƙa wa Baffa. Ya kusanto da fuskarsa har hancinsa kaɗai nake gani.

"Kai Mutari, ashe karyewa ka yi ka ɓoye? Ɗan gidan ɗori ya je ya karye a garin wasu, ka ji abin kunya. Nuna mini ƙafar."

Na nuna masa, na ce ƙarfe suka sa a ciki.

"Ƙarfe? To, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ba wannan na tambaya ba ma. Wa ke jinyarka?"

Na juya salular wajen Tiyeri. Baffa ya daɗe yana kallon jan gemun nan.

"Wannan ƙaton? Madalla, zai iya ɗaukarka. Ce masa in lokacin takawa ya yi, ko ka yi kuka kada ya saurara maka. Tausayi ke gurgunta mutum."

Na fassara. Tiyeri ya ce in gaya wa tsohon sun fahimci juna. Inna daga baya tana ɗaga murya, "Ka ce masa Allah ya ba shi masu yi masa!" Wannan kam na rasa yadda zan juya ta da Faransanci ta fito da nauyinta, sai na ce masa uwata tana gaishe shi.

Aka cire filasta, ƙafa ta fito siririya kamar ba tawa ba. Aka yi ta motsa ta, ina cije baki. Staj ya rage 'yan kwanaki likita ta ce ƙashi ya haɗe, in taka da dukkan nauyina. Sai abin ya juye. Ni da ake hanawa takawa, yanzu ni ke ƙin sakin sanda. Da na ɗaga ta sai in ji ƙarar nan a kunnena, gumi ya karyo mini. Makaranta kuwa ta ce ba a shiga magudanai da sanduna, ko in zo da ƙafata ko in haƙura.

Ranar Asabar ta ƙarshe Solanj ta baje kayan wasa a tsakar gida saboda rana ta fito. Na dogara sanduna na fito daga ɗaki, na tsaya a bakin ƙofa. Tiyeri ya taso kamar zai taimake ni, sai ya zare sandunan duka biyu ya miƙa wa Odet. Na kama ƙyauren ƙofa ina zaginsa da Hausa. Bai kula ni ba. Ya taka har can jikin shinge, ya juyo, ya tsaya. Sai na ga Karim ya ɗaga salulata, ga fuskar Baffa a ciki. Ashe sun shirya.

"Kai ka ce takun farko na mai jinya ne," in ji Tiyeri. "Na zo karɓar kayana."

Muryar Baffa ta fito daga salula, 'yar ƙarama, daga zauren Bande: "Je ka wurinsa."

Na saki ƙyaure. Ƙasa tana nisa, ina jin kowace ƙusa. Ban kalli ƙasa ba, gemun nan na kalla. Ban san yadda na isa ba, na dai ji na cakumi rigarsa, ya riƙe ni, ƙirjinsa yana girgiza. Ƙaton nan kuka yake yi. Odet tana rungume da sanduna, ta dubi ƙofar da na fito ta ce a hankali, "Yau dai ɗakin nan ya fitar da mutum da ƙafarsa."

Na yi staj ina ɗingishi, na shiga laka na fita, na karɓi takardata. Ranar da zan taho Odet ta shiga ɗakin da kanta ta naɗe mini kaya. Babu abin da zan iya biyan mutanen nan da shi, kuma na daina neman kalmar da za ta isa. Addu'a nake yi musu da sunayensu, har da matar tashar da ban san nata ba.

Yanzu ina aiki da masu lambu tsakanin Magarya da Bande, muna kafa injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana. Da na dawo Baffa ya zaunar da ni, ya bi ƙwaurina da babban yatsa tun daga gwiwa har idon sawu, ya ce ɗorin ba laifi, amma jinyar ta fi ɗorin.

Ran kasuwar Bande da ta wuce ina zaurensa muna hira, sai aka shigo da wani mutum a amalanke. Baƙo ne, ɗan ci-rani mai sayar da tabarmi, moto mai ƙafa biyu ta kayar da shi, ko sunan garinsu waɗanda suka kawo shi ba su sani ba. Baffa ya duba ƙafar daga nesa, ya ɗaga kai.

"Wa zai yi jinyarsa?"

'Yan rakiya suka fara kallon juna. Ɗaya ya ce shi taimako kawai ya yi, ɗaya ya ce ya bar kayansa a kasuwa. Mutumin ya kafa ido a rufin zaure, kuma na san abin da yake gani a can. Na tashi na dafa ƙafar.

"Ni ne."

Baffa ya ce, "Kai da ke da aiki a Magarya?"

Na ce, "Shi ma ƙaton nan da ya yi jinyata yana da motar da yake ja."

Baffa ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla.

"To riƙe shi da kyau," in ji shi. "Zan ja."